Magatakarda mai rubutu ta baya

A watan Agusta na 2023, bayan juyin mulkin Yamai, an rufe gadar da ta haɗa Malanville da Gaya. Manyan motoci suka yi layi daga bakin kogi har inda ido ba ya kaiwa. Cikinsu akwai ta yayana, ya ɗauko kaya daga Kwatano zai kai Maraɗi.

Sati uku yana cin tuwo a gidana bai ce komai ba. Wani dare, bayan isha'i, ya jawo ni zaure ya buɗe wata tsohuwar kwalbar man zafi. Ƙwayoyi huɗu ne a ciki.

"Malam ƙarami, su ke nan suka rage. In na riƙa sha kwana ɗaya ina tsallake ɗaya, ba za su kai ni ba?"

A daren na san yana ɗauke da ƙwayar kanjamau shekara shida. Ni da nake koya wa yara ilimin halittu a makaranta, sai bakina ya mutu. Da na samu kaina, abin da na iya kawai na yi masa.

Na ce, Yaya, jikinmu yana ajiye umarninsa a babban littafi, DNA. Daga shi ake kwafo ƴan takardu, RNA, a aika aiki. Haka hanyar take, daga littafi zuwa takarda. Wannan ƙwaya kuwa takarda kawai take zuwa da ita, harufa wajen 9,700, amma da nata magatakarda, wani sinadari mai rubutu ta baya. Yana karanta takardar ya mayar da ita rubutun littafi, sannan wani abokin aikinsa ya yanka littafinmu ya liƙa shafin a ciki. Daga nan jiki zai riƙa karanta shi kamar nasa. Shi ya sa magani yake danne ta amma ba ya fitar da ita.

Howard Temin ya yi shekaru yana faɗin haka a Amurka, abokan aikinsa suna ganin ya kauce hanya, sai a 1970 shi da David Baltimore suka gano sinadarin, kowa a ɗakin bincikensa. Wannan ban gaya wa Yaya ba, ba abin da ya dame shi ke nan ba.

Abin da na nanata masa shi ne magatakardan nan mai gaggawa ne, ba ya komawa ya duba kuskure. Biyu daga magungunan da ke cikin ƙwayarsa, tenofovir da lamivudine, harufan bogi ne: in ya ɗauka ya sa, rubutu ya tsaya cak. Na ukun, dolutegravir, mai liƙa shafi yake riƙe wa hannu. In magani ya yi ƙaranci a jini, rubutu zai ci gaba, kuma cikin kurakuran nan wani zai iya fitowa da ya gane bogi. Ranar nan maganin ya daina ci.

Ya yi shiru, sannan ya ce tsoronsa kada wani direba ya gan shi a layin asibiti.

Da asuba na goya shi a babur, muka bi ta bayan kasuwar albasa. Ma'aikaciyar ta duba katinsa na Nijar, ta tambaye shi yaushe ya sha na ƙarshe, ta ba shi na wata ɗaya. A bakin ƙofa ya juye su cikin kwalbar man zafin, ya miƙo mini kwalin in jefar.