Zuru: Garin jarumai da ke jiran mai ɗaukar hoton sa

Duk wanda ya baro Kwantagora ya biyo ta Rijau, tun kafin ya shiga Zuru zai ga ƙasa ta sauya masa. Shimfiɗaɗɗen fili ya ƙare, sai duwatsu da tuddai, ga gonakin dawa har gindin dutse. In kuma daga Birnin Kebbi mutum ya taso, sai ya bi ta Jega da Koko, ya ratsa Mahuta, ya ɓullo Dabai, daga nan kuwa ya iso. Daraktan da ya saba kai jaruman sa lambu ɗaya a Kano don ɗaukar waƙa, in ya ga wannan waje sai ya ciji yatsa. Lokeshan ne kyauta daga Allah!

Zuru ta na kudancin Jihar Kebbi, jihar da aka cire daga Sakkwato a 1991. Masarautar ta ƙunshi ƙananan hukumomi huɗu: Zuru, Fakai, Sakaba da Danko/Wasagu. Mafi yawan mutanen garin Dakarkari ne, waɗanda ke kiran kan su Lelna, harshen su kuma C'lela, amma Hausa ce ke haɗa kowa a kasuwa da tasha. An san su da noma da kokawa da aikin soja. Ɗan wannan ƙasa ne Janar Ishaya Bamaiyi, shugaban sojojin ƙasa na Nijeriya daga 1996 zuwa 1999. Shi kan sa marigayi Sarkin Zuru, Manjo Janar Muhammadu Sani Sami Gomo na II, wanda ya rasu a 2025, ya taɓa yin gwamnan soja a Jihar Bauchi. A 2020 kuma aka kafa Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya a garin.

To, me ya haɗa Zuru da gasar hoto ta duniya? Abubuwan da ke cikin ta.

Akwai golmo, tsohuwar al'adar da saurayi ke shekaru ya na noma wa surukan sa tare da abokan sa kafin a ba shi mata. Akwai Uhola, bikin godiya bayan kaka, inda ake raye-raye da kokawa, a kuma yaye samarin da su ka gama golmo. Akwai Girmache, wata ƙurmin itatuwa mai ruwa inda kadoji ke zaune, mutanen gari na girmama wajen tun kaka da kakanni. Ko ɗaya daga cikin waɗannan ya isa labari a cikin hotuna. Amma a 'yan shekarun nan, in ka ji sunan wannan yanki a rediyo, galibi labarin 'yan bindiga ne, kamar sace 'yan makarantar mata da aka yi a Maga a Nuwamba 2025. Duniya ta ga hawayen yankin, ba ta ga dariyar sa ba. Wa zai nuna mata in ba ɗan gida ba?

Babbar gasar hoton jarida a duniya ita ce World Press Photo, wadda aka fara a birnin Amstadam na ƙasar Holan a 1955. Ba a biyan ko sisi wajen shiga. Sai dai ta ƙwararru ce, wato dole mutum ya nuna shaidar cewa hoto ne sana'ar sa, kamar katin aikin jarida ko takardar wata kafa da ya ke yi wa aiki. Akan buɗe ƙofa a wajen Disamba a rufe a Janairu, a intanet ake tura komai. Daga 2022 aka raba gasar shiyya-shiyya, Afrika ta samu nata rukunin, don haka ɗan Zuru zai fara karawa ne da 'yan'uwan sa na wannan nahiya.

Kada wani ya ce ai abin Turawa ne. A 2007 Akintunde Akinleye na kamfanin Reuters ya zama ɗan Nijeriya na farko da ya ci wannan gasa, da hoton wani mutum ya na wanke baƙin hayaƙi daga fuskar sa bayan fashewar bututun mai a Abule Egba, Legas, a Disamba 2006. A 2022 kuma Sodiq Adelakun Adekola ya ci a rukunin Afrika da jerin hotuna kan sace ɗalibai a makarantun Arewa. Ka ji fa, labarin ƙofar gidan mu ne.

Sai dai a nan ne masu hoton industiri za su yi hattara. Mai ɗaukar hoton fosta ya saba cewa jaruma ta karkata kai, jarumi ya ɗaure fuska, sannan ya koma kwamfuta ya goge ƙuraje ya ƙara wa fata haske. A World Press Photo wannan laifi ne babba. Ba a shirya mutane, ba a cire komai daga hoto, ba a ƙara komai. Wanda ya kai zagayen ƙarshe sai ya miƙa asalin hoton kamar yadda ya fito daga kyamara. A 2015 kusan kashi 20 cikin 100 na waɗanda su ka kusa kai wa ƙarshe an kore su saboda taɓa hoto. Haka kuma dole kowane hoto ya zo da bayanin gaskiya: wane ne, a ina, yaushe.

Wanda ya fi son hoton fuska ko na tsaunuka, akwai gasar Sony World Photography Awards. Ita ma kyauta ce, a rukunin ƙwararru ana tura jerin hotuna 5 zuwa 10, gwarzon shekara kuma ya kan tafi da dala 25,000. Ko a nan gaskiya ce jari. A 2023 wani Bajamushe, Boris Eldagsen, ya ci wani rukuni na gasar, sai ya fito ya ce hoton ƙirƙirar kwamfuta ne, ya ƙi karɓar kyautar. An sha surutu ba kaɗan ba.

Abin da ɗan Zuru ya fi baƙo da shi ba tsadar kyamara ba ne. Baƙo zai zo ranar Uhola ya ɗauki 'yan rawa ya koma. Shi kuwa ɗan gari ya na jin C'lela, ya san dattijon da za a gaisar kafin a doshi Girmache, ya san abin da ba a ɗauka. Zai iya bin saurayi ɗaya tun daga saukar ruwan fari, ya bi shi huɗa da girbi, har ranar biki. Abin da ake buƙata shi ne haƙuri, da neman izinin wanda za a ɗauka, da tambayar lafiyar hanya kafin a shiga ƙauye, domin babu hoton da ya kai rai.

Da yamma liƙis, in rana ta sauka a kan duwatsun Zuru, manoma na dawowa da garma a kafaɗa, 'yan acaɓa na tada ƙura a bakin kasuwa. Kullum haka ake yi, kullum kuma hasken na wucewa a banza. Masu studiyo na garin, da ku masu bin 'yan fim da kyamara, Disamba ba ta da nisa. Da tsohuwar zuma ake magani, kuma taku ta na nan a gida.