Zama 37 ko 20: Ziyara a Asibitin Royal Marsden

Sutton unguwa ce mai natsuwa a kudancin Landan, kuma a gefenta reshen asibitin Royal Marsden yake, maƙwabcin cibiyar binciken sankara ta ICR. A ɗakin jiran sashen gashi, wato inda ake ƙona sankara da hasken na'ura, abin da ido zai fara gani shi ne dattawa zaune, kowa da gorar ruwa a hannu. Masu sankarar furostet ne, wato ƙululun nan da ke ƙarƙashin mafitsara. Sai mutum ya sha ruwa mafitsararsa ta ɗan cika kafin ya kwanta a ƙarƙashin na'ura, domin ta ture hanji daga hanyar hasken. Gashin kansa mintuna kaɗan ne, ba zafi. Zirga-zirgar kullum ce ke gajiyar da su.

A da, sai an zo sau 37, Litinin zuwa Juma'a, fiye da mako bakwai. Daga nan asibitin Farfesa David Dearnaley ya jagoranci gwajin CHHiP, wanda ya haɗa maza 3,216 tsakanin 2002 da 2011. An gwada tsohon tsarin da na zama 20 cikin mako huɗu, inda hasken kowane zama ya fi na tsohon tsarin ƙarfi. Sakamakon ya fito a 2016: bayan shekara biyar, kusan kashi 91 cikin ɗari na masu zama 20 cutar ba ta dawo musu ba, masu zama 37 kuwa kashi 88. Daga baya gwajin PACE-B, ƙarƙashin Farfesa Nicholas van As, ya nuna zama biyar kacal na iya wadatarwa ga wanda cutarsa ba ta bazu ba kuma ba mai tsanani ba ce.

Gajeren tsarin yana da nasa nauyin. Raɗaɗin fitsari da gudawa kan zo da wuri, masu zama biyar kuma sun ɗan fi fama da matsalar fitsari a shekaru biyun farko. Shi ya sa likita ke fara tambayar yadda mutum ke fitsari tun kafin a tsayar da magana.

Ni dai zuciyata na wajen dattijon da ke barin gonarsa ya tafi Shika ko Abuja neman gashi, yana biyan kuɗin masauki da na abinci, ɗansa ma ya ajiye sana'a ya zauna jinya. Rage masa mako uku ba ƙaramin sauƙi ba ne, in dai akwai na'urar da za ta auna wurin daidai a kowace rana, da ma'aikatan da suka ƙware a kanta.