Daga Ringim Zuwa Apapa: Ina Sunayen Masu Gammo?

Buhun gyaɗar da ya bar ƙasar Dutse zuwa Ingila a zamanin Turawa ya sha hawa kan ɗan Adam kafin ya ga teku. Wani ya sauke shi daga bayan jaki a bakin sikeli, wani ya cusa shi cikin tarago, wani ya hau da shi dala a Kano, wani kuma ya jera shi a cikin jirgin ruwa a Apapa. Na ƙarshen nan yana da tarihi a rubuce. Sauran ukun su na fita nema, daga Dutse zuwa Ringim.

Abin da aka rubuta game da leburorin Legas ba kaɗan ba ne. Dokar 1938 ta ba ma'aikata damar yi wa ƙungiyoyinsu rajista. A watan Yunin 1945 aka shiga yajin aikin gama-gari kan tsadar rayuwa, wanda Michael Imoudu na ƙungiyar ma'aikatan reluwe ya zama jigonsa, aka shafe kwana 44 jiragen ƙasa da tashar ruwa suna tsaye. A 1978 gwamnatin Obasanjo ta tattara ƙungiyoyin ƙwadago zuwa guda 42, masu lodi a tashoshin ruwa suka samu tasu, kafin a haɗe ta da wasu a 1996 ta zama Maritime Workers' Union of Nigeria. Mai bincike a can yana da jaridu, da rahotannin kwamitoci, da takardun koke masu ɗauke da sa hannu.

Mu a nan tasharmu ta ruwa ita ce tashar dogo. Dutse, wadda gunduma ce a ƙarƙashin Kano a lokacin, dogo bai taɓa ratsa ta ba, sai dai a kai kaya inda yake. Layin ya iso Kano a 1911, reshen Nguru kuma ya kammala a 1930, ya bi ta Ringim da Gagarawa da Malam Madori. Wannan reshe ne ya mai da Malam Madori garin ciniki, tunda Haɗejiya tana gefe.

Na tsaya a tashar Ringim da hantsi. Ƙarfen yana nan a miƙe, ciyawa ta taso a tsakaninsa, awaki suna kiwo ba mai korarsu. Wani dattijo da na gaisar, na ce masa Baba ina tambayar 'yan dakon da, sai ya fara lissafa min su da laƙabinsu, yana nuna unguwannin da suka zauna. Ya san wanda ke rarraba aiki, ya san wanda ƙugunsa ya riƙe har ya kasa ruku'u a ƙarshen rayuwa. Ba su da kati, ba su da sakatare, amma suna da shugaba da layin aiki, da karo-karo idan wani ya kwanta ciwo. In wannan ba ƙungiya ba ce, to mece ce? Bambancin kawai, akawun kamfani ton yake rubutawa, ba ya rubuta wuyan da ya ɗauko shi.

Dalar gyaɗar da muke alfahari da ita ma tana buƙatar a sake kallonta. Ta yi tsawo ne saboda taragwai sun gaza kwashe kaya da wuri, musamman bayan Yaƙin Duniya na Biyu, ana kuma cewa guda ɗaya kan ci buhu 15,000. Kowane ɗalibi ya san sunan Alhassan Ɗantata, ya kuma cancanci a sani. Amma buhun da ke can ƙololuwa, ƙafar mutum ce ta kai shi. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Ba maganar jiya ce kaɗai ba. Ranar Lahadi na ratsa kasuwar Gujungu, na iske samari suna lodin riɗi da zoɓo a tirela, kayan da galibi Apapa za su nufa. Ana biyansu a kan kowane buhu. Wanda ya zame daga kan katako ya karye, jinyarsa tana wuyan iyalinsa da abokan aikinsa. Takwaransa na Legas, duk da tasa matsalar, yana da ƙungiyar da za ta iya rufe ƙofar tasha saboda shi.

A Fabrairun 2021 aka aza harsashin layin Kano zuwa Maraɗi, da reshe zuwa Dutse, a Janairun 2023 kuma aka buɗe tashar tsandauri ta Dala a Kano. Ke nan sabon lodi yana tafe, kuma zai zo da 'yan kwangilar da za su yanke ladan buhu, ko da 'yan dako a zaune a wurin ko babu su.

Ɗaliban tarihi na Jami'ar Tarayya ta Dutse da na Jami'ar Sule Lamiɗo da ke Kafin Hausa kan tafi Kaduna neman fayilolin Lardin Kano a ma'ajiyar tarihi ta ƙasa da Arewa House. Su je, akwai amfani. Sai dai fayil zai jira su shekara ashirin, alhali saurayin da ya yi dako kafin cutar gyaɗa ta 1975 ta durƙusar da sana'ar yanzu ya haura saba'in. Wayar hannu ta isa ɗaukar muryarsa, kuma daga Dutse zuwa Ringim tafiyar yini guda ce har da dawowa.