Man Giya Lamba 90 da Land Rover Ɗin Kawu

Motar da na fara sani da hannuna, ba da ido kawai ba, Land Rover ce doguwa, samfurin Series IIA, irin waɗanda aka ƙera a Solihull ta ƙasar Ingila tsakanin 1961 da 1971. Kawuna ne direbanta tun tana hannun ma'aikatar gona. Da aka tashi gwanjonta ya tattara ɗan abin da ya mallaka ya saye ta, don ya ce ba zai iya ganin ta a hannun wanda bai san halinta ba. Sitiyarinta a dama yake, domin ta shigo ƙasar nan tun kafin a sauya hannun tuƙi a 1972. Ita ke kai mu ƙauyukan Funtua da Bakori lokacin kakar auduga, a kan hanyar burji mai gargada wadda ke kwance duk notin da ba a ɗaure shi da kyau ba.

Irin waɗannan motoci ba su da famfon da ke taya direba juya sitiyari. Ƙarfin damtsenka ne, sai wani ɗan akwatin ƙarfe da ke can ƙarshen sandar sitiyarin, wanda bai fi a riƙe shi da hannu biyu ba. A cikinsa akwai ƙarfe mai zare, da noti da ke hawa da sauka a kansa, da ƙananan boris da ke zagayawa tsakaninsu. In ka murza sitiyari, notin ya motsa, ya tura wani hannun ƙarfe da ke ƙasan akwatin, saƙo ya bi sanduna har ya isa tayoyin gaba. Duk ramin da taya ta faɗa, duk dutsen da ta taka, bugun yana dawowa ta wannan hanyar, ya tsaya a inda boris ke gogar zare. Wurin ƙanƙane ne, matsin da ke kansa kuwa mai tsanani.

Kawu bai taɓa zuba wa akwatin nan komai ba sai man giya lamba 90, wanda aka rubuta EP90 a jikin gwangwaninsa. Shi kamfanin ya ce a sa, kuma shi ne dai ake zuba wa giyar motar da akwatunan gatarinta, abin da ya sauƙaƙa wa direban karkara, tunda galan guda ya ishe shi komai. Ranar Asabar da hantsi yakan buɗe bonet, ya goge ƙurar da ke kewaye da murfin akwatin da tsumma kafin ya sa sufana, don ko ƙwayar yashi ba ya yarda ta faɗa ciki. Ni ke riƙe mazurari. Warin man nan har yau yana hancina, wari mai kauri na farar wuta. Daga baya na gane cewa sinadaran farar wuta da fosfaras da ke cikinsa su ne ke yi wa ƙarfe wata 'yar riga idan matsi ya yi yawa, su hana ƙarfe cin ƙarfe. Lambar ma na daɗe ina ɗauka ta nuna ya ninka baƙin man inji kauri, ashe ma'aunin man giya daban yake: lamba 90 ta giya kaurinta bai yi nisa da lamba 40 ko 50 ta inji ba.

Da motar ta manyanta, akwatin ya fara yoyo ta ƙasa, inda sandar da ke juya hannun ƙarfen nan ke fita. Kullum da safe sai ka ga ɗigo a ƙasa gefen tayar dama. Abokan Kawu na tasha suka yi ta ba shi shawara guda: a cika shi da giris, a huta. Da yawansu sun yi haka, kuma gaskiya yoyon ya tsaya, ƙasan motarsu ya bushe tas. Kawu bai ce musu komai ba, ya ɗauke ni muka je wurin tsohon makanikin da ke duba masa motar tun zamanin ma'aikata.

Tsohon yana zaune a kan wata tsohuwar taya a inuwar darbejiya. Da ya ji batun, sai ya ce da yaron garejinsa ya ɗauko wani akwatin sitiyari da aka ciro daga wata mota. Ya buɗe murfin gefe ya nuna mana. Giris ne cike, baƙi ƙirin, ya manne a bango ko'ina, amma zaren da ke tsakiya a bushe yake, yana ƙyalli, boris ɗin duk sun yi ƙuraje.

"Direba, ka gani da idonka," in ji shi. "Sa yatsa a tuwo ka zare, ramin yana nan. Sa a kunu ka zare, ya rufe. Akwatin nan kunu yake so."

Ban taɓa jin bayanin da ya fi wannan ba, ko a littattafan da na karanta daga baya. Giris na gama-gari yana aiki ne a wurin da aka matse shi ko inda ƙarfe ke gudu ya yi ɗumi. Akwatin sitiyari kuwa a hankali yake motsi, ba ya yin zafin da zai tausasa giris. Zaren ya ture shi gefe a juyi na farko, ya haƙa wa kansa hanya, daga nan ba abin da zai dawo da shi. Mai motar yana murna yoyo ya tsaya, alhali cikin akwatin ƙarfe na cin ƙarfe. Sai bayan watanni sitiyari ya fara wasa a tsakiya, mota ta riƙa yawo a hanya, a yi ta ɗaure kusar saiti har juyawa ta yi tauri, wasan kuma bai tafi ba.

Tsohon ya ciro akwatinmu, ya wanke shi da kananzir, ya sauya sil, wato zoben roba, da ya mutu, ya yanka sabon gasket daga takarda mai kauri. Ya mayar, ya cika da lamba 90. Aikin ya cinye yinin, Kawu kuma ya rasa lodin kasuwa guda, amma bai yi ƙorafi ba. Kafin mu tafi tsohon ya kira ni, ya ce, "Zo nan, ɗan Kawu, ga wanda kowa ke mantawa." Ya nuna mini wani ƙarfe a tsaye cikin firam ɗin gaba, wanda ke karɓar juyi daga akwatin ya miƙa wa tayoyi. Shi ma man giya yake sha. Ana kwance kusoshi biyu na samansa, a ɗiga mai ta rami guda, iska ta fita ta ɗayan. Da ƙyar yake shiga, ɗigo-ɗigo, kuma ni aka bar wa wannan aikin saboda yaro ne ke da lokacin zama. Sau da yawa in aka ce sitiyarin Land Rover ya yi nauyi, laifin na wannan ƙarfen ne da ya bushe, akwatin bai san hawa ba.

Yanzu zaɓi ya yi yawa fiye da zamanin Kawu. Akwai giris mai ruwa-ruwa. A ma'aunin taurin giris, wanda ke tashi daga 000 zuwa 6, na gama-gari lamba 2 ne, mai ruwa-ruwan kuwa 0 ne ko 00. Yana malala a hankali ya koma inda aka ture shi, amma bai cika samun hanyar tsiyaya ta tsohon sil ba. Kamfanin Penrite na Ostareliya yana yin irinsa musamman don akwatunan sitiyarin tsofaffin motoci, masu tsofaffin motoci a Amurka kuma da yawa suna amfani da wanda John Deere ke yi wa injin girbin masara. Da tsohon makanikin nan ya riski wannan, ina jin da ya amince da shi, domin ya cika sharaɗinsa. Wasu na haɗa nasu, su dama giris da man giya. Ni ban saki jiki da haɗin nan ba, saboda ba ka da tabbacin kaurin da za ka samu, kuma yakan rabu idan mota ta daɗe a ajiye.

Akwai kuma batun tagulla. Wasu akwatunan, musamman na motocin da suka girmi tamu, notinsu ko bushinsu na tagulla ne, kuma man giya mai alamar GL-5 ya fi GL-4 yawan sinadaran farar wuta, waɗanda kan taɓa tagulla idan zafi ya yi yawa. Akwatin sitiyari bai cika kai wa wannan zafin ba, amma in akwai GL-4 a kanti, shi nake ɗauka, hankalina ya fi kwanciya.

Har yanzu akan sami samarin da suka tono tsohuwar Land Rover daga bayan gidan kakansu suna son tayar da ita, su zo suna tambaya ta me za su zuba. Nakan ce su fara wanke akwatin su ga abin da magabata suka cusa a ciki, domin sabon mai a kan busasshen giris ɓarna ce. In sil yana samuwa, a sauya shi a koma lamba 90. In sandar ta cinye har sabon sil ba zai riƙe ba, a nemi 00. Sannan a ɗaga gaban motar da jak, a murza sitiyari daga ƙarshe zuwa ƙarshe a hankali, a sake buɗe murfin a duba, don kusan kullum za a tarar man ya sauka yana neman ƙari.