Siyasa a Gindin Dutse

Kusan duk inda mutane suka haɗu saboda wani abu guda da suke so, ko ƙwallo ne, ko farauta, ko kiwon tantabara, ba a daɗewa wani zai tashi ya ce a kafa doka: ban da maganar siyasa a nan. Masu hawan dutse, mutanen nan da ke ɗaura igiya a ƙugu su manne da bangon dutse suna laluben inda za su sa yatsa, su ma suna fama da wannan gardama, kuma tasu ta fi ta sauran zafi. Na san su, domin lokacin da aka tura mu ƙaro ilimi arewacin Ingila a ƙarshen shekarun 1970, na riƙa bin wata ƙungiyarsu zuwa duwatsun da ke tsakanin Manchesta da Shefil a ranakun hutu. Tun daga lokacin maganar take yi mini kai-kawo a rai, kuma sai da tsufa ya zo na samu inda zan tsaya a kanta.

Masu son a hana suna da hujja, kuma ni ba na raina ta. Wanda bai taɓa gani ba zai ɗauka hawan dutse aikin mutum ɗaya ne, alhali aikin mutum biyu ne. Ɗaya yana sama yana hawa, yana cusa ƙarafa a tsagin dutse yana ratsa igiya ta cikinsu. Ɗaya yana ƙasa riƙe da ɗaya bakin igiyar, yana sakar masa ita kaɗan-kaɗan, idonsa a sama. Idan ƙafar na sama ta zame, abin da ke tsakaninsa da ƙasa shi ne hannun na ƙasan da kuma hankalinsa. Ƙiftawar ido ɗaya ta gafala ta isa. To mutumin da ka ba amanar ranka haka, ba ka son a ce jiya da dare kun rabu baram-baram a kan wanda ya cancanci mulki. Na riƙe wa mutane igiya waɗanda har muka rabu ban san jam'iyyar da suke zaɓa ba, kuma ina ganin wannan rashin sanin ya taimaka mana.

Da na dawo gida kuwa na ga abin da siyasar jam'iyya ke yi wa zama. An shiga jamhuriya ta biyu a 1979, Kano ta zama ta PRP, Abubakar Rimi yana gwamna. Ba a je ko'ina ba jam'iyyar ta dare biyu, aka samu 'yan santsi da 'yan taɓo. Majalisar da muke zama bayan la'asar, wadda wasu cikinmu tun suna makarantar allo suke tare, ta watse a kan wannan. Aka koma shimfiɗa tabarma biyu a unguwa ɗaya. Akwai waɗanda suka daina zuwa sunan 'ya'yan juna. Manyan da ake faɗan dominsu daga baya wasu sun shirya, wasu sun sauya sheƙa, amma na san dattawa biyu da suka koma ga Allah ba su sake gaisawa da fara'a ba. Saboda haka idan saurayi ya ce mini yana tsoron kada gardamar zaɓe ta kashe masa ƙungiya, na san abin da yake tsoro, na gan shi da idona.

Sai dai akwai abin da wannan doka take ɓoyewa. Dutse yana da mai shi, ko kuma yana da masu cewa nasu ne. Duwatsun nan da muka riƙa hawa a Ingila ba tare da kowa ya tare mu ba, shekara hamsin kafin zuwanmu ba haka suke ba. Manyan masu ƙasa sun killace su domin harbin tsuntsaye na 'yan kwanaki a shekara, sun zuba masu gadi da sanduna. Ma'aikacin masaƙa da ya kwana shida cikin hayaƙin Manchesta, ranar Lahadi yana hango tsaunin Kinder Scout amma ba shi da ikon taka shi. Ranar 24 ga Afrilu, 1932, wasu matasa ɗaruruwa, a ƙarƙashin wani ɗan shekara ashirin mai suna Benny Rothman, ɗan gurguzu, suka hau tsaunin da gangan. Aka yi 'yar hatsaniya da masu gadi, aka kama wasu, aka ɗaure biyar daga cikinsu na tsawon wata biyu zuwa shida. Manyan ƙungiyoyin masu yawon tsauni na lokacin sun nisanta kansu da abin, suna ganin yaran sun jawo siyasa cikin harkar da ake lallaɓawa. Amma ɗaurin ya tada hankalin jama'a, ya ƙara wa fafutukar ƙarfi. A 1949 majalisar dokoki ta yi dokar gandun shaƙatawa na ƙasa, a 1951 yankin nan ya zama na farko da aka ware, sannan a shekara ta 2000 aka yi dokar da ta ba kowa damar ratsa irin waɗannan filaye. Abokaina na wancan lokaci da ke cewa su dai dutse ya kawo su, a kan gumin masu siyasa suke tsaye ko sun sani ko ba su sani ba.

Labarin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na ƙasar Ostiriya da Jamus. A da, ƙasashen biyu suna da babbar ƙungiya guda ta masu hawan tsaunukan Alps, mai rassa da yawa, mai masaukai a can saman tsaunuka inda matafiyi zai kwana ya tsira daga sanyi. A 1921 babban reshenta na birnin Biyana, ƙarƙashin wani gwanin hawa mai suna Eduard Pichl, ya kafa ƙa'idar cewa ba za a ƙara karɓar Bayahude ba. Waɗanda abin ya shafa, tare da abokansu da suka ƙi yarda da zaluncin, suka kafa nasu reshen mai suna Donauland. Masu ƙiyayya ba su ƙyale su ba. Suka yi ta matsa lamba, har wasu masaukai suka liƙa sanarwar cewa ba a maraba da su. A watan Disamba na 1924, a wani taro a birnin Munich, aka kori reshen Donauland daga uwar ƙungiya da gagarumin rinjaye. Wannan ya faru fiye da shekara takwas kafin Hitler ya hau mulki, ba wanda ya sa musu bindiga a ka.

Abin lura shi ne yawancin waɗanda suka ɗaga hannu a ranar ba za su kira kansu masu tsattsauran ra'ayi ba. Mutane ne da suka gaji da rigima, suna son a koma maganar tsauni da ƙanƙara, suna son ƙungiya ta zauna ɗaya. Aka nuna musu cewa hanyar zaman lafiya ita ce a sallami waɗanda ake rigimar a kansu, suka yarda, kuma ƙungiyar ta ci gaba da kiran kanta wadda ba ruwanta da siyasa. Cikin 'yan Donauland akwai wani matashin likita, Viktor Frankl, wanda daga baya aka jefa shi sansanin Auschwitz, iyayensa da ɗan'uwansa da matarsa duk suka halaka a sansanonin 'yan Nazi. Sai bayan kusan shekara tamanin, a 2001, ƙungiyar ta Jamus ta fito fili ta yi tir da abin da magabatanta suka yi, kuma a 2002 aka cire sunan Pichl daga wani masauki da aka raɗa wa sunansa. Idan na tuna wannan, nakan ji nauyin kalmar nan da muke yawan faɗa, a bar kaza cikin gashinta. Wani lokaci hikima ce, wani lokaci kuwa da ita ake binne mutum da ransa.

Na ga ƙaramin irin wannan da kaina. A shekarun da nake can, masu ƙyamar baƙi suna ta zanga-zanga a biranen Ingila. Akwai wani a ƙungiyarmu da ya saba sakin magana a kan 'yan Pakistan da baƙaƙen fata idan an zauna shan shayi bayan an sauko, a yi 'yar dariya a wuce. Ba wanda ya taɓa kiran wannan siyasa, wasa ake ce masa. Ranar da wata ɗaliba ta tanka masa, ta ce ya dubi wanda ke zaune kusa da shi, a ranar ne shugaban tafiya ya tuna cewa akwai doka, ya ce don Allah a bar siyasa. Ban ce komai ba, ni baƙo ne, amma na fahimci yadda abin yake aiki. Maganar da masu rinjaye suka saba da ita ba a jinta a matsayin siyasa. Sai wanda aka taka ya yi ƙara ake cewa ya kawo fitina. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma sau da yawa mai neman a yi shiru ba ɗakinsa ne ke zuba ba.

Haka abin yake a Nepal. Ranar 18 ga Afrilu, 2014, ƙanƙara ta zaftaro a hanyar hawa Everest ta kashe mutum 16, dukkansu 'yan ƙasar, masu dakon kaya da ɗaura igiyoyi domin baƙin da suka biya dubban daloli. Gwamnati ta fara da tayin rupi 40,000 ga kowane gida, kimanin dala 400 ke nan. 'Yan'uwansu suka ajiye aiki, hawan shekarar ta ɓangaren Nepal ya tsaya, sai da aka ƙara kuɗin inshorar rayukansu. Duk mai hawan da zai ce wannan batu bai shafi taronsu ba, to ya manta wanda ya ɗauko masa tanti da abinci.

Ga inda na tsaya. Siyasa iri biyu ce ke zuwa gindin dutse, kuma kuskuren mutane shi ne haɗa su a yi musu hukunci ɗaya. Akwai wadda mutum ke ɗaukowa daga gida a aljihu, ta tallar ɗan takara da zagin 'yan wancan ɓangare, wadda da a wurin ɗaurin aure yake ma haka zai fito da ita. Wannan ba ta ƙara wa ƙungiya komai, kuma shugaban da ya hana ta ya kyauta. Akwai kuma wadda dutsen da kansa ya haifa: wa ke da ƙasar, wa aka hana zuwa, nawa ake biyan ɗan dako, shin mutanen ƙauyen da ke gindin dutsen sun yarda a huda musu shi da ƙusoshi, shin mace ko baƙo yana samun mai riƙe masa igiya ba tare da wulaƙanci ba. Ƙungiyar da ta hana wannan ta yanke hukunci ke nan a ɓoye, kuma kullum hukuncin yana faɗawa ne a kan mai rauni. Na yarda iyakar da ke tsakanin biyun ba kullum take fitowa sarai ba. Gwamnati ce ke sayar da filin, kuma gwamnati tana da jam'iyya, don haka mai maganar fili zai iya zamewa cikin maganar zaɓe bai ankara ba. A nan ne ake bukatar dattijo a cikin taro, wanda zai iya cewa, "Malam, dawo kan maganar dutsen," ba tare da ya rufe masa baki gaba ɗaya ba. Aiki ne mai gajiyarwa, shi ya sa shugabanni suka fi son doka mai kalma uku. Kuma akwai lokaci. Igiya na hannu ba a gardama kowace iri ce. A bari a sauko, a kwance ɗamara, a ci abinci, sannan a yi magana ido da ido, kowa da sunansa, yana sane da cewa gobe wannan da yake musu da shi ne zai riƙe shi.

An taɓa gwada haka a Amurka, a jihar Wyoming, kan wani dutse mai suna Devils Tower da ya miƙe sama kusan mita 260 daga gindinsa. Masu hawa daga ko'ina suna ƙaunarsa saboda dogayen tsagoginsa. Ƙabilun asali fiye da ashirin, irin su Lakota da Cheyenne, suna girmama shi tun kafin zuwan Turawa, kuma a watan Yuni suke yawan ibadunsu a wurin. Suna cikin addu'a sai su ji ihun masu hawa da ƙarar ƙarafa a samansu. Hukumar gandun ta tara wakilan ƙabilun da na masu hawa da na yankin, aka daɗe ana zama, ana ɓaci ana dawowa. A 1995 aka fito da matsaya: ba za a ƙara kafa sababbin ƙusoshi a jikin dutsen ba, kuma ana roƙon masu hawa su haƙura da watan Yuni don kansu, ba tilas. Wasu masu kai baƙi hawa don kuɗi suka kai ƙara kotu, suna cewa gwamnati ta fifita wani addini, amma a 1998 alƙali ya bar tsarin yadda yake tunda ba dole a cikinsa. A shekarun farko yawancin masu hawa sun girmama roƙon, adadin masu zuwa a Yuni ya faɗi ƙwarai. Daga baya ya fara ɗagawa, domin sababbin matasa sun shigo harkar ba su ji yadda aka yi aka kai ga matsayar ba, kuma ba wani ɗan sanda da zai tare su. Abin da ke riƙe da tsarin har yau shi ne masu hawa su riƙa faɗa wa junansu, a shagon sayar da igiya, a mota, a wurin kwana, cewa wannan watan na wasu ne. Idan ƙungiyoyinsu suka ɗauki wannan a matsayin siyasar da aka hana, cikin 'yan shekaru ba za a samu wanda ya san dalilin barin watan Yuni ba.