Abijan, garin jiragen Air Afrique

Babu ƙauyen Adar ko na Gobir da bai san sunan Abijan ba. In an gama girbi, samari su kan ɗaure kaya su tafi can cin rani. A da hanyar doguwa ce. A shiga mota har Yamai, daga Yamai a kama hanyar Wagadugu, daga nan a hau jirgin ƙasa har bakin teku. Kwanaki ake yi. Amma jirgin sama in ya tashi daga Yamai kai tsaye, kamar awa 2 sai ga shi a Abijan.

Abijan gari ne na ruwa, a ƙasar Kodebuwa. Wani babban tabki mai suna Ebriye ya raba garin kashi-kashi, ana tsallakawa ta gada ko da jirgin ruwa. Unguwar Plato ce ke da dogayen benaye da ofisoshi. Tareshbil da Ajame kuma can ne kasuwa, can baƙo ɗan Nijar ke samun ƴan garinsu. In aka bi kudu, sai a iske wani zirin rairayi tsakanin tabki da teku, da itatuwan kwakwa. Sunan wurin Port-Bouët. Nan filin jirgin sama yake. In jirgi ya zo sauka ta wajen teku, na ciki ruwa kawai yake gani har ya yi zaton cikinsa za a sauke shi.

Shekara 40 wannan fili ya yi yana gidan wani babban kamfani mai suna Air Afrique. Babban ofishinsa yana Plato. Ba na Kodebuwa ba ne ita kaɗai, Nijar ma tana da hannu ciki.

Ga yadda abin ya faro. A 1960 ƙasashe da yawa sun samu mulkin kai. Kowace tana son jirgi, amma jirgi ya fi ƙarfin aljihun ƙasa ɗaya. Sai ranar 28 ga watan Maris 1961 ƙasashe 11 suka sa hannu a Yawunde suka yi gayya: Nijar, Kodebuwa, Senegal, Moritaniya, Cadi, Kamaru, Gabon, Kongo, Afirka ta Tsakiya, da Dahome da Bolta, waɗanda ake kira Benin da Burkina Faso yanzu. Lokacin Diori Hamani ne shugaban Nijar. Kowace ƙasa ta riƙe kashi 6 cikin 100, sauran kuma na kamfanonin Faransa ne. Kamar ƙungiyar manoma ke nan: kowa ya zuba, kowa ya amfana. Shugaban kamfanin na farko ɗan Senegal ne, Cheikh Fal.

Kamfani ya yi girma da sauri. A 1963 ya samu jirgi DC-8. A 1973 ya samu DC-10, wanda ke ɗaukar mutum fiye da 200, wato wani ƙauye duka da mai gari. Jiragen suna da zane kore, da hoton kan wata dabbar daji mai dogon ƙaho irin na barewa. Suna zuwa Pari, suna zuwa Roma, har Niyok ta Amurka. In lokacin hajji ya zo su kwashi alhazai zuwa Jidda. Hanyar da kakanni ke yi shekaru a ƙasa, ta Cadi da Sudan, ta koma tafiyar yini guda.

Mai kallon jirgi a sama matuƙi kaɗai yake tunawa. To aikin ya fi yawa a ƙasa. Akwai masu sayar da tikiti, da masu auna kaya, don nauyi in ya wuce ƙa'ida jirgi ba ya tashi lafiya. Akwai makanikai da ke duba inji, akwai masu dafa abinci, akwai masu zuba mai. Man jirgi dangin kananzir ɗin fitila ne, sai dai an tace shi sosai, kuma jirgi na shan shi ba tausayi. Wani abu kuma: kujerar jirgi ba hatsi ba ce da za a sa rumbu a jira tsada. Ta fi kama da nono. In jirgi ya tashi da kujera ba kowa bisanta, kuɗin wannan kujera ya tafi ke nan, man kuwa an ƙona shi.

Nan ciwon ya shiga. Gwamnatoci masu kamfanin su kan ɗauki tikiti bashi don manyan ma'aikatansu, biya kuma sai a yi ta jira. Kowace ƙasa na son a ɗauki ƴaƴanta aiki, ko da aikin babu. Kowace na son jirgi ya sauka babban birninta, ko da fasinja kaɗan ne. Kamaru ta fita a 1971 ta kafa nata, Gabon ma ta bi baya. Togo da Mali sun shigo, amma ramin bai cike ba. A 1989 aka ɗauko wani Bafaranshe, Yves Roland-Billecart, aka ba shi ragama. Ya sallami ma'aikata da yawa, abin ya ɗan lafa.

Sai ga watan Janairu 1994, aka karya darajar sefa. Faran ɗaya na Faransa da ake saye dala 10 ya koma dala 20. Fasinja da sefa yake biya, amma mai da kayan gyara da bashin jirage da kuɗin waje ake biyan su. Dare ɗaya bashi ya ninka. A 1998 masu bashi suka karɓe jirage 4. Daga ƙarshe ma'aikata sun fi 4,000, jiragen kuwa ana ƙirga su da yatsu. A 2002 kamfanin ya karye, jiragensa suka daina tashi.

Filin Port-Bouët yana nan, da sunan Félix Houphouët-Boigny, na Yamai kuma da sunan Diori Hamani. A 2010 kamfanin ASKY ya fara tashi daga Lome. A 2012 Kodebuwa ta kafa nata, Air Côte d'Ivoire, ta zaunar da shi a wannan fili na bakin teku. Ƴan cin rani dai, yawancinsu har yanzu mota suke shiga.