Betty Wright, Mawaƙiya Kuma Malama

A cikin mawaƙan baƙar fatar Amurka babu wadda nake jin kusanci da ita kamar marigayiya Betty Wright, kuma dalilin bai wuce sana'a ba. Ni malamin makaranta ne, ita ma a ƙarshen rayuwarta malanta ta fi shahara da ita a wajen 'yan baya.

An haife ta a birnin Mayami na jihar Fulorida a shekarar 1953, ita ce auta cikin 'ya'ya bakwai. Tun tana ƙanƙanuwa take waƙar coci tare da 'yan'uwanta, wato dai inda salon waƙar da ake kira sol ya samo asali. Faifanta na farko ya fito a 1968 tana da shekara 14, sa'an nan a 1971 ta yi "Clean Up Woman", waƙar da ta kai ta ko'ina. A 1976 ta sami lambar Grammy. Da ta ga kamfanoni ne ke kwashe romon, sai ta kafa nata mai suna Ms. B a 1985.

To, mai karatu, duk wannan tarihin tauraruwa ne, kuma taurari da yawa sun yi irinsa. Abin da ya ja hankalina shi ne abin da ta yi da muryarta bayan yayinta ya ja baya. Maimakon ta zauna tana zagin zamani, sai ta koma koya wa yara yadda ake riƙe numfashi, da yadda ake hawa da sauka ba tare da an kassara maƙogwaro ba. A 2003 aka haɗa ta da wata yarinya 'yar Ingila, Joss Stone, ta tsaya mata wajen shirya faifanta na farko a Mayami. Yarinyar tana da shekara 16 faifan ya fito, aka sayar da miliyoyi. Hoton ɗaliba ne a jikin bango, sunan malama kuwa yana can baya cikin ƙananan baƙaƙe. A 2006 kuma an gan ta a talabijin tana horar da 'yan matan ƙungiyar Danity Kane. Lalle da tsohuwar zuma ake magani.

Wannan ƙaramin rubutu na bayan bango na san shi sarai. Shekara da shekaru ina gyara wa yara karatu da furuci, wasunsu sun zama manyan mutane, in mun haɗu a hanya wani ya durƙusa ya gaishe ni, wani ya ɗaga gilashin mota. Akwai ranakun da zuciya ke tambayar malami ko aikin nan ya biya shi. Abokan aikina da dama sun amsa da cewa a'a, sun ajiye alli sun kama kasuwa, kuma ban ga laifinsu ba.

Betty Wright ta ɗanɗani tafin dubban mutane, ta san daɗinsa fiye da mu, amma duk da haka ta zaɓi ta tsaya bayan yarinya tana ce mata ta sake, ba ta yi daidai ba. Wanda ya san tafi ya kuma ga darajar koyarwa, shaidarsa abar karɓa ce.

Ta rasu ranar 10 ga Mayu, 2020, tana da shekara 66, bayan fama da ciwon daji. Ɗalibanta suna nan suna waƙa.